Raba Ƙafa Ko Girgije Zalla: Zaɓin Da Ke Gaban Ofisoshin Dirin Daji

Tun ranar 11 ga watan Yuli na 2024, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, masu sayar da kayan ofis suka fara duban sakatariyoyin ƙananan hukumomi da wani ido dabam. Ko da yake aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, ɗan kasuwa ba ya jiran ruwa ya sauka kafin ya gyara garmarsa. Cikin hajar da aka fi tallatawa akwai kwamfuta, da kuma tsarin da za a bi wajen kula da ita. Wannan batu na biyu shi ya fi tsada, shi ya fi daɗewa a wuyan hukuma, shi ne kuma ba a cika tsayawa a yi masa tunani ba kafin a sa hannu a takardar kwangila.

Garin Dirin Daji, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Sakaba a Masarautar Zuru, wuri ne da ya dace a auna wannan magana a kansa. Yana can kudu maso gabashin Jihar Kebbi, daf da iyakar Jihar Neja, tafiyar sa'o'i ce tsakaninsa da Birnin Kebbi. Tsarin da ya yi aiki a Dirin Daji, to babu inda ba zai yi ba a jihar.

Kula da kwamfutocin ofis daidai yake da aikin da babban akawu yake yi a kan ɗakin fayil a zamanin En'e. Shi ya san wanda aka yarda ya shiga, da fayil ɗin da kowa zai iya buɗewa, da wanda za a karɓe makulli daga hannunsa ranar da ya bar aiki. A kwamfuta kuwa, aikin ya haɗa da ba kowane ma'aikaci suna da kalmar sirri, da hana shi abin da ba huruminsa ba, da sabunta manhaja domin toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi, da kulle na'urar da ta ɓata. Ofishin da ke da kwamfuta uku yana iya yin wannan da hannu. Wanda ya kai talatin ko hamsin kuwa tilas ya sami wuri guda da ake ba da umurni daga can.

Hanyar da aka gada ita ce a ajiye babbar kwamfuta, wadda ake kira uwar garke, a cikin ofishin kansa. A kanta ake ɗora rajistar ma'aikata da na'urori, wadda kamfanin Microsoft ya sa wa suna Active Directory, ya kuma fito da ita tare da Windows 2000. Kowace kwamfuta sai ta gaisa da uwar garke ta waya kafin ta karɓi sabon umurni. Hanya ta biyu ita ce wadda ake kira girgije, watau a bar rajistar a manyan rumbunan kamfani, ana isa gare ta ta intanet, ana biyan kuɗin haya wata-wata ko shekara-shekara bisa yawan ma'aikata. A wurin Microsoft sunan rajistar Entra ID, wadda kafin 2023 ake kira Azure Active Directory, manhajar ba da umurni kuwa Intune. Google da wasu kamfanoni su ma suna da nasu. Hanya ta uku ita ce raba ƙafa: a riƙe uwar garke a ofis, a kuma yi rajista a girgije, sa'an nan a sa wata manhaja a tsakani tana kwafe sunaye daga wannan zuwa wancan, bisa al'ada kowane minti 30.

Duk wanda ya san ƙasar Zuru, da jin wannan bayani zai ce ai magana ta ƙare, raba ƙafa shi ne hankali. Hujjarsa kuwa ba ta wasa ba ce. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka ce na mako biyu ne, amma a wasu sassa sai da aka kwashe watanni. Ba a jima ba aka yi irin haka a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Abin da ya sami maƙwabci yana iya samun mai gida. Har ila yau, ranar 14 ga Maris na 2024 manyan wayoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku suka lalace a yammacin Afirka, bankuna a Legas da Abuja suka kasa biyan bukatun mutane, ayyukan girgije na Microsoft kansa suka tangaɗa a wannan yanki. In haka ta faru a birnin da ke bakin teku, ina ga garin da ke dogara ga 'yan turakun sadarwa masu shan man dizal? Wanda ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki bai yi ƙarya ba.

Sai dai wannan hujja ta haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba su, watau kula da kwamfuta da kuma aikin da ake yi a kanta. Kwamfutar da ake kula da ita daga girgije ba ta mutuwa don sabis ya ɗauke. Ma'aikacin da ya taɓa shiga cikinta zai ci gaba da shiga da kalmar sirrinsa, domin na'urar tana riƙe da shaidarsa a cikinta. Zai buga wasiƙa, zai yi lissafin albashi, zai fitar da takarda, muddin fayilolinsa suna cikin na'urar. A ka'ida takan leƙa girgije kamar kowace sa'a takwas ta ga ko akwai sabon umurni, in ba ta sami hanya ba sai ta haƙura har wani lokaci. Abin da ke tsayawa shi ne shigar da sabon ma'aikaci, da sauya kalmar sirrin da aka manta, da saukar sabuntawa. Manhajar rubutu da lissafi ta haya tana bukatar ta ga intanet sau ɗaya a kwana 30, akwai kuma izini na musamman da ke tsawaita wa'adin zuwa kwana 180 ga ofisoshin da ke nesa da sadarwa, in mai kula ya san da shi ya kunna. Saboda haka yankewar sabis na mako guda ko biyu damuwa ce, amma ba ta rufe ofis.

Uwar garke kuwa ba ta da irin wannan haƙuri. Tana son wuta dare da rana, har ranakun hutu, tana son ɗaki mai sanyi a cikin zafin watan Afrilu, tana son kariya daga ƙurar hunturu wadda ke shiga ko ta ƙofar allura. Ɗaukewar wuta farat ɗaya na iya lalata rajistar da ke cikinta. Masana kuma ba su yarda a ajiye guda ɗaya tak ba, sai biyu, domin in ɗaya ta faɗi ɗayar ta riƙe garke. Ke nan kuɗin na'ura biyu, da lasisinsu, da batura, da janareta ko sola mai ƙarfi, da man da zai tayar da su, alhali kuwa tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023 kowane ma'aji ya san abin da ake kashewa kafin janareta ya yi aikin yini guda. Abin da aka saba gani a ofisoshin ƙasar nan ba boyayye ba ne. Ana ƙaddamar da ɗakin kwamfuta da kiɗa da jawabi, bayan shekara biyu sai a tarar an rufe na'urorin da ƙyalle, gizo-gizo ya yi saƙa a kan wayoyi, domin kasafin ya tanadi kuɗin saye bai tanadi na riƙo ba.

Wanda zai kula da ita ma wani aiki ne. Rajistar Active Directory sana'a ce mai zaman kanta, wadda mutum ke shekaru yana koyo, kuma wanda ya ƙware a cikinta bankuna da kamfanonin sadarwa suna nemansa da albashin da ƙaramar hukuma ba za ta iya biya ba. Ko an dace an sami mutum ɗaya, ma'aikacin ƙaramar hukuma ɗan canjin wurin aiki ne. Takarda ɗaya daga hukumar kula da ma'aikata ta isa ta mai da shi Bagudo ko Argungu. In kuwa aka dogara ga ɗan kwangila daga Birnin Kebbi ko Kaduna, to duk ranar da na'ura ta tsaya sai an jira shi ya kamo hanya, hanyar da mutanen yankin suka san halinta. A watan Maris na 2022 'yan bindiga suka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba suka kashe fiye da mutum sittin. Ba a kawo wannan don a tayar da tsohon miki ba. An kawo shi ne domin duk mai shirin tara sunayen ma'aikata da makullan ofis a cikin akwatin ƙarfe guda, a ɗaki guda, a irin wannan yanki, ya kamata ya yi tunanin gobara da sata da ranar da za a bar ofis a guje.

To, da raba ƙafa yana kuɓutar da ofis daga dogara ga intanet, da sai a ce wahalarsa ta biya. Amma ba ya yi. Rabin tsarin yana girgije, ana biyan hayarsa kamar yadda mai girgije zalla ke biya, ɗaya rabin yana ofis yana shan mai, ga kuma manhajar tsakani wadda ita ma sai an kula da ita, in ta sami matsala kuwa sai ma'aikaci ya wayi gari da kalmar sirri biyu, ɗaya tana buɗe kwamfuta ɗaya tana buɗe wasiƙu. Umurni na iya fitowa daga wurare biyu ya ci karo, sai an sami gwani kafin a gane wanne ne ya rinjayi wani. Kwamfutar tafi-da-gidanka da jami'in lafiya ko malamin gona ya fita da ita ƙauye ba za ta karɓi umurnin uwar garke ba sai ta dawo ofis, ko an haɗa mata wata kafa ta musamman ta intanet, wadda ita ma ƙarin kuɗi ce. Shi kansa Microsoft, mai sayar da duka biyun, yana ba da shawarar a sa sababbin kwamfutoci a girgije kai tsaye. Lalle shawarar mai haja ba a ɗaukarta ido rufe, tun da haya ta fi masa riba. Amma tana nuna inda ya karkata ƙarfinsa, ya kuma bayyana a 2024 cewa ya daina inganta WSUS, tsohuwar manhajarsa ta raba sabuntawa daga uwar garken ofis. Taura biyu ba ta taunuwa, balle ga wanda haƙoransa ba su gama fitowa ba.

Raba ƙafa yana da muhallinsa. An ƙirƙiro shi ne domin manyan ma'aikatun da suka shekara ashirin suna gini a kan uwar garke, suna da tsofaffin manhajoji na albashi ko fansho ko haraji waɗanda ba su san wata rajista ba sai ta ofis, ba kuma za a iya yar da su dare ɗaya ba. Ma'aikatar da ke Birnin Kebbi mai irin wannan gado tana da uzuri, da sharaɗin ta rubuta sunayen manhajojin da suka ɗaure ta, ta kuma sa ranar da za ta rabu da su. Gada ce aka yi don ƙetarewa. Ofishin da bai taɓa mallakar uwar garke ba, in ya sayo ta yau don kawai ya raba ƙafa, ya sayo wa kansa tsohon bashin da ba shi ya ci ba.

Babban aibin girgije yana wajen kuɗi, kuma bai kamata a sassauta faɗarsa ba. Farashin hayar yana bin dala. A farkon watan Yuni na 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 ta haura naira 1,500. Ofishin da ya yi kasafi a kan tsohon farashi ya ga hayarsa ta ninka sau uku ba tare da an ƙara masa ko kwamfuta ɗaya ba. A watan Janairu na 2025 kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari. Uwar garke in an saya an saya, ko ba a biya kowa ba za ta yi shekaru tana aiki gwargwadon ƙarfinta. Girgije kuwa zanen aro ne, ranar da aka kasa biya mai shi zai karɓe kayansa, kuma kowa ya san yadda biyan kuɗi kan makara a ƙananan hukumomi. Maganin wannan ba ya hannun shugaban ƙaramar hukuma shi kaɗai. Kamata ya yi gwamnatin jiha ta yi ciniki guda a madadin ƙananan hukumominta 21, da naira, na shekara uku, a kuma cire kuɗin tun daga tushe kamar yadda ake cire sauran wajibai, bisa yardar majalisun ƙananan hukumomin, tun da yake hukuncin Kotun Ƙoli ya mai da kuɗin nasu. Ba kowane ma'aikaci ke bukatar lasisi mai tsada ba. Masinja da direba ba sa bukatar komai, akawu biyar masu aiki a kwamfuta ɗaya kuma akwai tsarin da ake biya bisa na'ura maimakon bisa kai.

Akwai kuma doka. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora sharuɗɗa a kan fitar da bayanan 'yan ƙasa zuwa waje, ƙa'idojin hukumar NITDA kuma tun 2013 suka nemi a ajiye bayanan gwamnati a cikin ƙasa, duk da cewa ita hukumar ce ta fitar da manufar fifita girgije a 2019. Manyan rumbunan Microsoft na farko a nahiyar nan a Johannesburg da Cape Town aka buɗe su a 2019. A nan ma rarrabewar da aka yi a baya ita ce mafita. Jerin kwamfutoci da dokokin kulle su abu ɗaya ne, fayilolin albashi da takardun filaye da rajistar marasa lafiya abu ne dabam. Na biyun ana iya riƙe su a na'urorin ofis, a riƙa kwafe su kowane mako a faifai biyu, ɗaya a akwatin ma'aji ɗaya a wani gari, ko a kai su rumbun Galaxy Backbone, kamfanin gwamnatin tarayya mai cibiyoyi a Abuja da Kano. Wannan ajiya ba ta bukatar Active Directory. Sunaye da adireshin wasiƙun ma'aikata dai za su shiga rajistar girgije, don haka lauyan hukuma ya karanta takardar kafin shugaba ya sa hannu.

Wani abu da masu talla kan yi ta yayatawa shi ne ikon goge kwamfutar da aka sace daga nesa. Gaskiya ne, amma sai in ɓarawon ya haɗa ta da intanet. Kariyar gaske ita ce a kulle faifan na'urar tun ranar da aka raba ta, da BitLocker ko makamancinsa, yadda ko an ciro faifan ba za a karanta komai ba. Makullin buɗewa na gaggawa kuwa dole a san inda yake. Ranar 19 ga Yuli na 2024, lokacin da wata gurɓatacciyar sabuntawa ta kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan takwas da rabi a duniya, ma'aikatu da dama sun tarar makullan da za su gyara na'urorinsu suna cikin uwar garken da ita ma ta faɗi.

Wannan ya kawo maganar da ta fi kowace muhimmanci ga ma'aikacin gwamnati, watau wa ke riƙe da babban makulli. A tsarin girgije akwai asusun shugaba, wanda mai shi ke iya shigar da kowa, ya kori kowa, ya kulle kowace kwamfuta ko daga ina yake. In ɗan kwangila ya buɗe rajistar da sunan kamfaninsa da lambar wayarsa, to ranar da aka saɓa a kan biyan kuɗi, ko mulki ya canja hannu aka kawo wani ɗan kwangilar, hukuma za ta tarar tana roƙon izinin shiga kayanta. Lalle ne a buɗe rajistar da sunan ƙaramar hukuma, a kan adireshin intanet na gwamnati, a ba jami'ai biyu na dindindin ikon shugabanci, a rufe asusun gaggawa na uku a ambulan mai hatimi a akwatin baitulmali, a kuma sa shi cikin takardar miƙa aiki kamar yadda ake sa littafin ceki da makullin sito. Ɗan kwangila a ba shi iko mai wa'adi, wanda hukuma za ta iya janyewa da kanta.

Ɗaliban da ke karatun kwamfuta a Aliero da Birnin Kebbi da Zuru su ma maganar ta shafe su, domin aikin kula da girgije abu ne da mai difloma zai iya koyo cikin watanni, kuma mutum biyu ko uku da ke zaune a Zuru suna iya kula da kwamfutocin Sakaba da Fakai da Danko-Wasagu ba tare da sun hau hanya kullum ba. Gara a ɗauki 'yan ƙasa a matsayin ma'aikatan dindindin da a riƙa jingina aikin ga ɗan hidimar ƙasa, wanda zai tafi bayan shekara guda da duk abin da ya sani a kansa.

Kafin duk wannan akwai aikin da ba ya bukatar kwangila. Tun ranar 14 ga Oktoba na 2025 Microsoft ya daina ba Windows 10 sabuntawar tsaro ta yau da kullum, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi, Windows 11 kuwa ba ta hawa tsofaffin kwamfutocin da ba su da ƙwayar tsaro ta TPM 2.0, irin waɗanda suka cika kasuwar kayan hannu. Har wa yau, nau'in Windows na gida, wanda ake rubuta wa Home, ba ya shiga rajistar uwar garke, ba ya kuma shiga ta girgije cikakkiyar shiga, sai nau'in Pro ko sama da shi, shi ma na asali mai lasisi. Sau da yawa mai kawo kaya yakan kawo na gida domin ya fi araha, mai karɓa kuma ya ƙirga kwali ya sa hannu. Saboda haka kamata ya yi daraktan ma'aikata na Sakaba ya sa a zaga ofis-ofis da littafi, daga sakatariya zuwa ofishin ilimi da na lafiya, a rubuta lambar kowace kwamfuta, da shekarar sayenta, da nau'in Windows da ke kanta, da sunan mai riƙe da ita, da manhajar da yake aiki da ita. In aka gama aka tarar babu manhaja ko ɗaya da ke neman uwar garke, sai a soke wannan layi daga takardar ɗan kwangila, a mai da kuɗin ga sola da layin intanet na biyu.